Inda Aka Sa Inna

Ranar da Inna ta rasu, ƙanena yana Masar yana karatun haɗa magunguna. Shi ne autanmu, kuma har yau Auta muke ce masa, duk da furfurar da ta fara leƙowa a gemunsa. Da hantsi ta cika, a ɗakinta na gidanmu da ke Gwallaga. Kafin la'asar an yi mata wanka da sutura, an sallace ta a ƙofar gida, mun kai ta makwancinta. Haka ake yi a wurinmu, ba a jiran kowa. 'Yan'uwanmu na Kano ma ba su samu jana'izar ba, balle wanda sai ya hau jirgi.

Ni ɗan safiyo ne. Tun ina saurayi nake saɓa sandar awo ina bin filayen mutane, ana zagina a kan iyakar da ba ni na ja ta ba. Daga baya na huta da zagi, na koma wata babbar makaranta, sashen da ake koyar da aikin a nan cikin Bauchi, aka damƙa mini ɗakin kayan awo. Wanda ya daɗe a sana'ar nan, akwai wata cuta da take kama shi: duk inda ya tsaya sai ya ji yana son ya san lambar wurin, wato lambar nan da take faɗin inda wuri yake a bayan ƙasa, wadda ba wani wuri da yake da irinta. Wallahi ko a maƙabarta cutar ba ta ƙyale ni ba.

Baffa, ƙanen mahaifinmu, shi ne ubanmu tun da Baba ya rasu muna yara. Tun kafin a ɗauki makara ya yanke magana: ba gini, ba allo, ba suna. Wani maƙwabcinmu mai son alheri ya taho da guntun ƙarfe da ɗan fenti zai rubuta sunan Inna. Kallo ɗaya Baffa ya yi masa, bawan Allah ya mayar da ƙarfensa cikin babbar riga. Da aka gama rufewa aka yayyafa ruwa, aka ɗora dutse ɗaya wajen kai, irin wanda ke kan kabarin kowa.

Wayata tana aljihu, kuma na san za ta iya ɗaukar lambar wurin. To amma ta yaya? Liman yana addu'a, Baffa yana tsaye kusa da ni, dattawan unguwa sun kewaye kabarin, sai kawai a ga babban ɗan mamaciya ya zaro waya yana latse-latse? Haba! Har in mutu ana ba da labarina a Gwallaga. Sai na ja da baya, na fita daga cikin mutane, na juya musu baya kamar mai share hawaye. Hawayen kuwa na gaske ne, da ƙyar nake ganin fuskar wayar. Na danna, lamba ta fito, na adana, na cusa wayar a aljihu na dawo cikin sahu. Duk abin bai fi tsawon karanta Fatiha ba.

Da yamma na samu Auta a waya. Kuka yake yi irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba, ban ma gane abin da yake faɗa ba sai daga ƙarshe. Ya ce, "Yaya, a ina aka sa ta?"

Na ce, "Kada ka damu, Auta. Na ɗauki lambar wurin. Duk ranar da ka dawo, ni zan kai ka har wajen kanta."

Ya ce, "Ka yi alkawari?"

Na ce na yi.

Ba mu zaci dawowar za ta yi nisa ba. Ya gama karatu, ya samu aiki a wani asibiti a Saudiyya, takardun zama suka riƙe shi, daga baya aka rufe hanyoyi saboda annoba, daga nan kuma aure da ƙananan yara. Shekara ta bi shekara. Duk lokacin da muka yi waya, bayan ya tambayi iyali da Baffa, sai ya ce, "Lambar tana nan ko?" In ce tana nan. Tana nan ɗin kuwa, don duk wayar da na sake sai na fara kwashe ta kafin lambobin mutane.

Maƙabarta kuma ba ta zama yadda aka bar ta. Wanda bai saba shiga ba yana tsammanin wuri ne da komai ya tsaya cak, alhali babu unguwar da ta kai ta sauyawa. Damina ta zo ta kwantar da tudun ƙasa. Ciyawa ta rufe ko'ina. In kaka ta yi, jama'ar unguwa su fito aikin gayya, su nome, su cike kaburburan da suka lotsa, su tattara duwatsun da ruwa ya ture su mayar inda suke ganin ya dace. Allah ya saka musu da alheri, amma dutsen Inna bai san hanyar komawa da kansa ba. Ga sababbin baƙi kullum ana kawowa, ana cike duk wani gurbi. A shekarar farko ko ido rufe zan je wajen. Wata kaka na shiga bayan an yi gayya, na tsaya inda na saba tsayawa, sai na kasa gane kabarin. Wannan ne, ko na gefensa?

Na buɗe wayar. Ɗigon da ke nuna inda nake ya kama yawo shi kaɗai, ni ina tsaye wuri ɗaya shi yana tsallake kaburbura. Na yi tsaki, na yi wa kowa sallama da addu'a gaba ɗaya, na fito. Na ce a raina matsalar ta waya ce, ranar da na samu na'ura ta kirki zan warware.

Ana nan sai wani aiki ya zo sashenmu.

Wayoyin da ke hannunmu suna gane wuri ne ta hanyar sauraron taurarin ɗan'adam da ke zagaya duniya. Suna ƙoƙari, amma sukan kauce da 'yan mitoci. In shagon tela kake nema a Wunti, wannan ba komai ba ne, kana ɗaga kai za ka hango keken ɗinki. Amma ga jirgin da zai sauka cikin hazo, ko ga mai raba gona tsakanin 'yan'uwan da ba sa ga maciji, kaucewar nan babba ce. Shi ya sa aka ɓullo da wani tsari na yankinmu. Akwai tashoshi a ƙasa da suke auna kuskuren a kowane lokaci, su tura gyara zuwa wani tauraro da yake tsaye a saman Afirka, shi kuma ya watso gyaran ga duk na'urar da ta iya jin sa. Masu tsarin suna cewa da gyaran nan kuskuren ba zai wuce kamar mita guda ba. To faɗa dai kowa ya iya. Mu aka ba aikin mu gwada a Bauchi mu ga ko gaskiya ne.

Shugabar aikin wata injiniya ce 'yar Bogoro, Madam muke ce mata. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta yarda da komai sai ta gani da idonta. Da ka ce mata "ai yana aiki," sai ta gyara tabarau ta ce, "Nuna mini." Mun sha yin faɗa da ita, don ni ma ba sanyi ne da ni ba, amma ban taɓa aiki da wanda ya kai ta tsabtar awo ba.

Yadda ake gwajin ba wuya a faɗa. A harabar sashenmu akwai wani turken siminti da aka daɗe da sanin lambarsa, an auna an sake aunawa har ba sauran gardama. Sai ka ɗora eriya a kansa, wata aba mai kama da murfin kwanon sha, ka jona ta da na'ura, ka bar ta tana faɗin inda take ba dare ba rana. Kai ka riga ka san inda take. Abin da kake so ka gani shi ne ko ita ta sani. Wahalar ɗaya ce, a bar turken ya zauna lafiya. Ranar da na fito na tarar wani malamin sashen ya kife hularsa a kan eriyar yana alwala, saura kaɗan in manta da girmansa. Na ce, "Malam, duk faɗin harabar nan ba ka ga wurin rataye hula ba sai kan aikin gwamnati?" Ya ce ai ya zaci fitila ce da ta mutu.

Duk ƙarshen mako sai mu zuba abin da na'urar ta tara a kwamfuta, kowane awo ya zama ɗigo. Jajayen ɗigo su ne awon da ba gyara, korayen kuma masu gyara. Jajayen sun watsu ko'ina kamar an watsa wa kaji tsaba. Korayen kuwa sun dunƙule a tsakiya, daidai kan turken. Ranar da na fara ganin hoton nan sai da na ce, "Kai! Ashe da gaske suke." Madam ta ce in bari tukuna, turke a fili ba shi ne duniya ba.

Haka muka fita gari. Muka ɗaure eriya a saman keke mai ƙafa uku, muka sa mai keken ya yi ta zagaya da mu cikin Wunti. Shi dai tunda ya ga sanda da wayoyi ya yanke cewa ma'aikatan kamfanin waya ne mu, ya yi ta kawo mana ƙarar cewa a gidansu sai an hau katanga ake samun sabis. A cikin lungunan kasuwa abin ya sha wuya. Benaye suna tare sama, rufin kwano yana dawo da sigina ta baya, ɗigon ya riƙa tsallakawa cikin shagunan mutane. Da muka fita wajen Fadaman Mada, inda gidaje suka ɗan saki sama, sai ya dawo kan hanya ya kwanta. Abin da ya fi damun Madam shi ne bayan faɗuwar rana. A ɓangarenmu na duniya, iskar can sama takan hargitse a lokacin, sigina ya riƙa rawa, wani lokaci gyaran ya ɗauke gaba ɗaya. Duk wannan sai da muka bi shi muka rubuta.

Akwai wani abu guda da tsarin yake yi wanda wayoyinmu ba su cika damuwa da shi ba. Ban da ɗigon, yakan zana zobe a kewayensa, yana nufin, "Ina cikin nan, ba zan wuce nan ba." In sama ta yi kyau zoben ya tsuke, in ta hargitse ya buɗe. Wannan zoben Madam ta fi bi da ido. Takan ce ita kuskure ba ya ba ta tsoro, kowace na'ura tana yi. Abin da take farauta shi ne lokacin da ɗigon zai fita waje alhali zoben yana cewa lafiya lau, don irin wannan ne yake kashe mutane a jirgi. Mun yi ta nema, a turken dai ba mu kama shi ba.

Muna tsakiyar wannan Auta ya kira. Ya ce an ba shi hutu, ya sayi tikiti, yana tafe. Ban taɓa jin muryarsa da haske haka ba. Kafin ya ajiye ya ce, "Yaya, ba na son in huta ma. Washegarin da na sauka mu je."

Na samu Madam a ofis na ce ina son aron ƙaramar na'urar, ta hannu, zan gwada ta a wani fili. Ta ce wane fili? Na faɗa mata. Na ba ta labarin lambar da alkawarin, a taƙaice, don ba na son a ji tausayina.

Sai ta ce, "Malam, lambar da ke hannunka, da me ka ɗauke ta?"

Na ce da waya.

"Wace irin waya?"

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Madam, aron na'ura na zo, ba lacca na zo ɗauka ba. In ba za ki bayar ba ki ce ba za ki bayar ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Zan bayar. Amma ai ka sani."

Na sani mana. Ɗalibin shekarar farko ma ya sani. Sabuwar na'ura za ta kai ka daidai kan lambar da ka ba ta, amma ba za ta koma baya ta gyara lambar da tsohuwar waya ta ɗauka a gurguje ba. Kuskuren ranar yana cikin lambar, ya bushe a ciki. Ni da nake koya wa mutane wannan, watanni ina kallon korayen ɗigon nan ina jin daɗi a raina, ina cewa ga abin da zai kai ni wajen Inna. Ba jahilci ba ne, so nake ya zama haka. Madam ta buɗe kabad ta miƙo mini na'urar da sandarta, ta ce in tabbatar batir ya cika.

Ban jira Auta ba, na fara zuwa ni kaɗai da safe. Na gaishe da mai kula da maƙabartar, na yi masa bayani don kada ya ga mutum da sanda ya zaci wani abin ne. Na tambaye shi ko zai iya tuna wata tsohuwa daga Gwallaga, shekarun baya. Ya ce, "Alhaji, wallahi ba zan yi maka ƙarya ba, ban sani ba. Wanda ya yi aikin lokacin, shi ma ga shi can kwance." Ya nuna wajen katanga.

Na kunna na'urar. Sama tarwai, ba bene ba kwano, gyaran ya shigo nan da nan, zoben ya tsuke har abin ya ba ni sha'awa. Na saka lambar, ta fara ja na: gaba, hagu kaɗan, gaba. Ina bin tsakanin kaburbura a hankali don kada in taka kowa. Can ta ce na iso. Na sunkuya na duba. Kabarin da ke gabana bai fi tsawon hannuna ba. Na jariri ne.

Na daɗe a tsaye. Daga baya ɗan safiyon da ke cikina ya farka, ya ce to a yi abin da za a iya. Tsohuwar wayar za ta iya kaucewa ta kowane gefe. Ni kuma ba a kan kabarin na danna ba, na ja da baya, kuma ko za a yanka ni ba zan iya cewa taku nawa ba. Na haɗa biyun, na zagaya da sandar ina auna faɗin wurin da Inna za ta iya kasancewa. Kaburburanmu kuwa a matse suke, tsakanin wannan da wancan da ƙyar ƙafa take shiga. Na cire na yara. Na cire waɗanda ƙasarsu ke nuna sababbi ne. Abin da ya rage bai kai goma ba, amma ya fi ƙarfin ɗaya nesa ba kusa ba. A cikinsu akwai wani mai farin dutse da zuciyata ta fi kwantawa da shi. Hujja kuwa ba ni da ko ɗaya.

Da na koma gida na faɗa wa maman yara. Ta ce, "To ka nuna masa mai farin dutsen mana. Yaron nan ya yi shekaru yana jira, kada ka karya masa zuciya. Addu'ar da zai yi ai Inna za ta samu ko a ina ya tsaya." Na je gaishe da Baffa, wanda yanzu sai an kama shi yake tashi, na ɗan gutsura masa zancen. Ya ce, "Kai da shegen awonka. Allah ya san inda take." Na sunkuyar da kai na ce haka ne, Baffa. A raina kuwa cewa nake, na san Allah ya sani, amma ni ne na yi wa yaron alkawari.

Na kwana biyu ina juya abin, daga ƙarshe na tsaya a kan maganar maman yara. Mai farin dutsen zan nuna. Wa zai ƙaryata ni?

Auta ya sauka, gida ya cika. Ya yi ƙiba, ya yi fari, Hausarsa ta ɗan lanƙwashe. Ya gaisa da kowa yana dariya har ya zo ƙofar ɗakin Inna, wanda yanzu ƙanwata ke ajiye kayan sana'arta a ciki. Ya ɗaga labulen, ya leƙa, ya sake shi. Washegari tun ban gama karyawa ba ya yi sallama a ƙofar gidana cikin fararen kaya.

Muka shiga maƙabartar, ina gaba da sanda yana bina. Na kunna na'urar duk da cewa ba ta da wani aikin da za ta yi mini, na ɗauko ta ne kawai don a ga da ita na zo. Auta ya leƙo fuskarta ya ce, "Wannan ce sabuwar da kake ba ni labari?" Na ce ita ce. Ya ce, "Wannan ɗan zoben fa?" Na ce yana nuna iyakar kuskuren da za ta iya yi ne, ba ta yarda ta ce ta fi haka sani. Ya gyaɗa kai ya ce lallai an ci gaba.

Muka iso. Na tsaya a gefen mai farin dutsen. Ban ma buɗe baki ba, ya bi idona ya ga inda nake kallo. Ya cire takalmansa. Ya tattare rigarsa zai durƙusa. A lokacin na ga fuskarsa sosai, fuskar yaron da Inna take goyawa tana tuƙa tuwo. Na ji ba zan iya ba.

Na ce, "Auta, tsaya."

Ya ɗago.

Na ce, "Ban tabbata wannan ba ne."

Na faɗa masa komai a tsaye a wurin: yadda na ja da baya saboda idon mutane, irin wayar da take hannuna a lokacin, gayyar da ta kwashe duwatsu, kabarin jaririn da lambar ta kai ni. Na ce sabuwar na'urar ba ta da laifi, ta yi aikinta, amma abin da na ba ta ne bai isa ba. Na ce, "Na yi maka alkawarin zan kai ka wajen kanta. Iyakar inda zan iya kai ka ke nan. Tana cikin waɗannan."

Na so ya yi faɗa, wallahi da ya fi mini sauƙi, don faɗa na iya shi. Ya share fuska da hannun riga, ya dubi kaburburan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Daga ina zuwa ina?"

Na ɗauki sandar na zagaya a hankali, ina nuna masa: wannan yana ciki, wannan ma, wancan sabo ne ba ya ciki, waɗannan biyun suna ciki. Yana bina da ido har na dawo inda na fara.

Sai ya je na farko, na can gefe, ya durƙusa wajen kai. Ya yi sallama, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa, ya sunkuya kusa da ƙasa, ya ce a hankali, "Inna, ni ne Auta. Na dawo."

Ya tashi ya matsa na biyu. Ya durƙusa, ya yi sallama, ya yi addu'ar daga farko har ƙarshe bai rage komai ba. "Inna, ni ne Auta. Na dawo."

Na uku ma haka. Rana ta fara zafi, gwiwoyin farin wandonsa suka yi ja da ƙasa. Mai kula da maƙabartar ya taho zai wuce da bokiti, ya ga abin da ake yi, ya tsaya daga nesa ya ajiye bokitin. Ni kuwa ina tsaye riƙe da sanda kamar wanda aka dasa. Na dubi na'urar, tana nan tana nuna inda nake, zobenta a tsuke, ba ta kauce ko taku ɗaya ba. Na kashe ta, na kwantar da sandar a kan hanya, na cire takalmana na bi bayansa.

Bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya zo wajen jaririn ma sai da ya tsaya ya yi masa addu'a. Mai farin dutsen ne ya zo ƙarshe, kuma bai ba shi fiye da abin da ya ba sauran ba.

Ya miƙe da ƙyar, ya kakkaɓe gwiwoyinsa. Idanunsa sun yi ja, amma muryarsa ta daidaita. Ya ce, "Yaya, ka tabbata tana cikinsu?"

Na ce, "Wannan kam na tabbata."

Ya ce, "To ta ji."